Ɗan'uwa a baki, bare a bakin ƙofa: yadda launin fata ya raba Firimason ɗin Amurka gida biyu

Duk sanda aka ambaci Firimason a gaban mutanenmu abin da ke fara faɗowa a rai shi ne hoton ido ɗaya ɗin nan na jikin dalar Amurka, da mawaƙa masu rufe ido da hannu, da zancen wai su ke juya duniya a ɓoye. Ni ba wannan ne ya kawo ni yau ba. Kuma tun kafin wani ya ce ina yi musu talla bari in faɗa a fili, malamai sun daɗe da gama magana a kansu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1978 ta haramta wa Musulmi shiga, cocin Katolika ma tun 1738 Fafaroma ya hana mabiyansa, a Najeriya kuwa kundin tsarin mulki na 1999 cewa ya yi 'yancin addini bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba. To wannan a ajiye shi gefe guda.

Abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Ƙungiya ce da ta ɗora ginin ta kacokan a kan kalma ɗaya, ɗan'uwa, da haka suke kiran juna daga attajiri har lebura, suna cewa duk wanda ya shigo zaurensu ya tuɓe muƙaminsa a waje kowa daidai yake da kowa, amma a Amurka wannan ƙungiyar ta yi sama da shekara 200 tana gida biyu, na fararen fata da na baƙaƙe, rantsuwa iri ɗaya, farin walkin da suke ɗaurawa a ƙugu iri ɗaya, alamar magina iri ɗaya, amma wannan ba ya taka zauren wancan. Yaya aka yi mutum zai rantse cewa 'yan'adam duk 'yan'uwa ne, ya koma gida ya yi barci lafiya lau alhali ya rufe wa maƙwabcinsa ƙofa saboda fatarsa? Amsar tana cikin dabarun da aka bi, kuma dabarun ne nake so mu duba, don ba a Amurka kaɗai ake amfani da irinsu ba.

Kafin nan sai an gane me shiga irin wannan ƙungiya yake nufi a wancan zamanin, in ba haka ba mutum zai ɗauka rigimar kulob ce kawai ta masu neman wurin shan shayi. A Amurkar ƙarni na 19 babu fansho na gwamnati ga talaka, babu inshorar lafiya, in magidanci ya faɗi ya mutu iyalinsa sun shiga uku. To waɗannan ƙungiyoyi, Firimason da Odd Fellows da Elks da Knights of Pythias da ire-irensu, su ne suke tsaya wa mutum. Ka yi ta zuba kuɗin wata kamar adashi, in ka kwanta ciwo a zo duba ka a kawo abin cefane, in ka rasu su ɗauki nauyin jana'iza su kula da matarka da marayunka, in ka sauka baƙon gari ka nuna alama a nemo maka aiki ko a tsaya maka wajen karɓar bashi. Alƙali yana ciki, ɗan majalisa yana ciki, mai banki yana ciki. George Washington ɗan Firimason ne, Benjamin Franklin ma haka. Zuwa ƙarshen ƙarnin miliyoyin mazan Amurka suna cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, Firimason ita kaɗai a 1959 ta haura mutum miliyan 4. Kaga ke nan wanda aka hana shi shiga ba gaisuwar hannu kawai aka hana shi ba, an toshe masa hanyar aiki da jari da sanayya, har da wanda zai ɗauki gawarsa.

Labarin rabuwar daga Boston ya faro, da wani mutum mai suna Prince Hall, baƙar fata ne mai sana'ar jima da dukancin fata. Shi da wasu baƙaƙe 14, dukkansu 'yantattu, suka nemi shiga, fararen garin ba su karɓe su ba. Tarihin da 'yan ƙungiyar suke riƙe da shi ya ce ranar 6 ga Maris 1775 wani reshe na sojojin Birtaniya da ke zaune a Boston, mai izini daga Ailan, shi ya rantsar da su. Ka lura da lokacin, saura 'yan makonni a fara yaƙin neman 'yancin Amurka, fararen Boston suna ta kururuwar cewa Ingila ta danne su, amma sai a hannun sojan Ingilar baƙin mutum ya samu wanda zai kira shi ɗan'uwa. Da sojojin suka tashi sai suka bar musu guntun izini, su taru, su yi jerin gwano ranar bikinsu, su binne mamatansu da al'adar ƙungiya, amma ba su da ikon shigar da sabon mutum ko ɗaya. Wato an ba su damar binne juna, ba a ba su damar ƙaruwa ba.

Prince Hall bai zauna ba, ya rubuta takarda kai tsaye zuwa uwar ƙungiya a Landan, ranar 29 ga Satumba 1784 aka rubuta musu cikakkiyar takardar izini da sunan African Lodge mai lamba 459, sai dai ba ta iso hannunsu ba sai 1787. Wannan takardar tana nan har yau a ajiye a Boston, kuma ita ce ƙashin bayan duk gardamar da ta biyo baya, saboda daga gidan da fararen Amurka suka samo nasu izinin daga nan ita ma ta fito, babu ta inda za ka ce tasu ta gaske ce wannan jabu.

Shi mutumin kuma bai ɗauki zauren a matsayin wurin ado ba. Tun 1777 yana cikin waɗanda suka kai koke majalisar Massachusetts a soke bauta, a 1787 ya kai koken a buɗe wa 'ya'yan baƙaƙe makaranta tunda iyayensu ma suna biyan haraji, aka yi kunnen uwar shegu da shi, ƙarshe a gidan ɗansa aka fara karantar da yaran. A 1788 da wasu 'yan jirgin ruwa suka yaudari baƙaƙe 3 'yantattu da sunan aiki suka gudu da su don su sayar, shi da mutanensa suka sake kai koke, a shekarar jihar ta yi dokar hana cinikin bayi, mutanen nan uku kuma aka dawo da su gida. Ya rasu a 1807, kabarinsa yana maƙabartar Copp's Hill a Boston. A 1827 magadansa suka ayyana cewa sun tsaya da ƙafarsu ba sa ƙarƙashin kowa, daga baya suka sa wa tsarin nasu sunansa, shi ne har yau ake cewa Firimason ɗin Prince Hall.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Fararen Firimason akasarinsu ba su fito sun rubuta cewa ba ma son baƙi ba, wasu jihohin kudu sun rubuta ƙarara kam, amma mafi yawa ta bayan gida suka bi, suka samo makullai da kowanne in ka kalle shi sai ka ga kamar tsari ne kawai babu ruwansa da fata.

Na farko kalma ce ɗaya a cikin kundin dokokin da James Anderson ya tsara wa uwar ƙungiyar Landan a 1723, inda aka ce mai shiga dole ya zama an haife shi ɗa, ba bawa ba. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, mu ma mun san bambancin da ake yi tsakanin ɗa da bawa da bacucane, mun san yadda ake tono asalin mutum ranar neman aure ko da kakan kakansa ne aka taɓa saya. Wannan sharaɗin tsoho ne tun zamanin magina na Turai, lokacin da maigida ba ya son ya koya wa yaro sana'a sannan ubangidansa ya zo ya janye shi. Amma da aka kawo shi ƙasar da bauta ta zama ta launi ɗaya, sai ya koma wuƙa mai kaifi ɗaya, duk baƙin da ya zo a ce ai asalinka bayi ne. Ingila da ta soke bauta a ƙasashen da take mulka sai ta gyara kalmar a 1847, ta ce ya isa mutum ya zama 'yantacce a ranar da ya zo nema. Amurkawa da yawa suka riƙe tsohuwar kalmar gam, suna cewa wai ba a taɓa dokar magabata.

Makulli na biyu ya fi wannan wayo. Suka ƙirƙiro ƙa'idar cewa kowace jiha uwar ƙungiya ɗaya tak za ta samu, duk wani reshe da ke cikin jihar da ba ya ƙarƙashinta to na bogi ne, haramun ne a zauna da shi ko a amsa gaisuwarsa ta ƙungiya. Ka duba yadda abin ya zama gaba kura baya sayaki, ka zo shiga namu mun hana ka, ka je ka kafa naka mun ce ka karya doka tunda ba ka shigo namu ba. Kuma ita kanta Massachusetts ɗin uwar ƙungiya biyu fararen suke da ita har zuwa 1792 da suka haɗe, ranar haɗewar ba su gayyaci African Lodge ba, sannan akwai wani reshen farare a Boston da ya ci gaba da zama ƙarƙashin Sikotland har 1809 ba wanda ya kira shi na bogi. Wata hujjar da suke kawowa ita ce wai Landan ta goge sunan African Lodge daga rajista a 1813, gaskiya ne ta goge, amma a wannan gyaran rajistar har rassan fararen Amurka aka goge, to me ya sa gogewar ta kashe ɗaya ta bar sauran?

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya min a rai, akwatin ƙuri'a. Ɗan ƙaramin akwatin katako ne mai aljihu biyu, gefe ɗaya an zuba 'yan ƙwallaye farare da baƙaƙe, gefe ɗaya a rufe da 'yar ƙofar da hannu kawai ke shiga. In za a karɓi sabon mutum sai a ajiye akwatin, kowa ya taso ɗaya bayan ɗaya ya zura hannu ya ɗauki wadda yake so ya jefa, ba mai ganin abin da ya ɗauka. Shugaba ya jawo aljihun ya leƙa. In duk fari ne an karɓe ka. A jihohi da yawa baƙa ɗaya tak ta isa ta kore ka, kuma doka ta hana a tambayi wa ya jefa, ta hana wanda ya jefa ya faɗi dalili, ta ma hana wanda ya jefa fara ya ce ni fara na jefa don kar a gano ɗayan. An yi wannan tsarin ne don mutum ya iya hana ɓarawo ko mashayi shiga ba tare da tsoron kowa ba, ba laifi. Amma ka auna, zaure mai mutum 60, ko da 59 sun yarda da baƙin da ya zo, mutum ɗaya mai ƙiyayya ya ishe su, kuma su 59 ɗin za su fita suna cewa wallahi mu ba mu da wariya, dokarmu ma ba ta ambaci launi ba. Laifin ya narke a cikin jama'a, ba wanda za a kama. Ni a ganina wannan ya fi allon da ake kafawa a rubuta farare kaɗai muni, don shi allo ana iya tsayawa a gabansa a yi faɗa da shi.

Akwai dai waɗanda ba su ɓoye ta cikinsu ba. Albert Pike, tsohon janar ɗin sojan jihohin kudu a yaƙin basasar Amurka kuma ɗaya daga cikin manyan malaman Firimason na Amurka, ya rubuta a wata wasiƙa a 1875 cewa reshen Prince Hall halastacce ne kamar kowane reshe, amma a wasiƙar dai ya ce shi farare ya yi wa rantsuwa, ranar da aka tilasta masa ya zaɓa tsakanin kiran baƙaƙe 'yan'uwa da barin ƙungiyar to barin ta zai yi. Kaga mutumin da ya fi kowa sanin dokokin ya yarda ba maganar doka ba ce. Gunkinsa da ke birnin Washington ne masu zanga-zanga suka tumɓuke a watan Yunin 2020.

Akwai kuma waɗanda suka gwada yin gaskiya suka sha wuya. A 1898 wani alƙali mai suna William Upton ya jagoranci kwamitin uwar ƙungiyar jihar Washington, can arewa maso yamma, bayan wasu baƙaƙe biyu sun rubuto suna tambayar matsayinsu. Ya zauna ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya ce mutanen nan Firimason ne na gaskiya, jihar ta amince. Kafin ka ce kwabo sauran jihohi sun yi musu ca, suna yanke hulɗa da su ɗaya bayan ɗaya, shekara ɗaya kawai suka iya jurewa, a 1899 suka lashe amansu. Massachusetts ma ta gwada a 1947, aka taso mata, ta janye a 1949. Wani reshe ɗaya a Newark ta jihar New Jersey, Alpha mai lamba 116 da aka kafa a 1871, shi ne ya daɗe yana karɓar baƙaƙe a ƙarƙashin uwar ƙungiyar farare, saboda shi kaɗai sai da jihar Mississippi ta yanke zumunci da New Jersey baki ɗaya. Zumuncin da suke tinƙaho da shi, shi suka mayar bulalar dukan duk wanda ya nemi faɗaɗa shi.

Sauran ƙungiyoyin ma kanwar ja ce. Odd Fellows na Amurka sun ƙi baƙaƙe, sai wani ma'aikacin jirgin ruwa Peter Ogden da ya shiga ƙungiyar a Libaful ya samo musu izini daga Ingila a 1843, tamkar dai labarin Prince Hall aka maimaita. Elks kuwa su a rubuce suka sa cewa sai fari, baƙaƙe suka kafa tasu a Cincinnati a 1898, fararen ba su cire wannan sharaɗin ba sai 1973. Da baƙaƙen suka fara yawa suna fita jerin gwano da kayan ado da tambura iri ɗaya da na farare, sai fararen suka garzaya kotu wai an sace musu suna da alama. Rigimar Knights of Pythias ta jihar Jojiya ta kai kotun ƙoli a 1912, ta Shriners ta jihar Texas ta kai a 1929, duka biyun baƙaƙe suka yi nasara, amma ba don kotu ta ce wariya laifi ce ba, cewa ta yi kun zuba musu ido shekara da shekaru suna amfani da sunan ba ku ce uffan ba, yanzu kun makara. Su Shriners ɗin nan su ne masu sa jar dara irin ta Turkawa, suna raɗa wa zaurukansu sunaye irin Makka da Madina, ba Musulmi ba ne, kwaikwayo ne kawai na ado, amma abin da ciwo a ce mutum ya ari sunan garin da Bilal ya hau Ka'aba ya yi kiran salla sannan ya kai baƙar fata ƙara don ya sa hula irin tasa.

Ko bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta hana wariya a otal da gidan abinci, waɗannan ƙungiyoyin sun tsira, saboda ana ɗaukar su gidan mutum ne ba kasuwa ba. A 1968 wani ɗan majalisar jihar Pennsylvania baƙar fata, K. Leroy Irvis, abokinsa fari ya gayyace shi cin abinci a zauren ƙungiyar Moose a Harrisburg, aka ƙi ba shi ko ruwa. Ya kai ƙara, kotun ƙoli a 1972 ta ce wannan harkar ƙungiya ce mai zaman kanta, lasisin sayar da giya da gwamnati ta ba su bai mayar da wariyarsu ta gwamnati ba. Mutumin nan daga baya shi ya zama kakakin majalisar jihar.

Abin da yake ba ni sha'awa a duk labarin shi ne baƙaƙen ba su ce tunda haka ne zancen 'yan'uwantaka ƙarya ne mu watsar ba. Riƙe shi suka yi da hannu biyu, suka yi aiki da shi fiye da waɗanda suka kawo shi. A ƙasar da baƙi ba ya zaɓe, ba ya alƙalanci, ana kiran dattijo mai furfura yaro, zauren Prince Hall shi ne wurin da lebura ko mai share jirgin ƙasa zai sa kwat da farin walki a kira shi da girmamawa, ya koyi jagorantar taro da riƙe littafin kuɗi da tsara muhawara da jefa ƙuri'a. Suka gina dogayen gine-gine a tsakiyar unguwanninsu, ƙasa shaguna da ofishin likita da na lauya, sama zauren taro, suka buɗe gidajen marayu da asusun zawarawa. Absalom Jones da Richard Allen da suka kafa cocin baƙaƙe a Philadelphia 'yan ciki ne, Martin Delany wanda ya zo har Abeokuta a 1859 ɗan ciki ne, manyan jagororin baƙaƙe Booker T. Washington da W. E. B. Du Bois ma haka, sai Thurgood Marshall lauyan da ya ci shari'ar 1954 da ta haramta raba makarantu, wanda daga baya ya zama alƙali baƙar fata na farko a kotun ƙoli. Rassan Prince Hall sun yi ta tara kuɗi suna tura wa ofishin lauyoyin da ke waɗannan shari'o'i. Kuɗin wata na talakawan da aka kira na bogi yana cikin abin da ya karya dokar wariya a ƙasar.

Sai dai ba zan yi adalci ba in na tsaya a nan, don laifi tudu ne. Baƙaƙen Amurka da suka koma Laberiya sun tafi da wannan ƙungiyar, suka kafa uwar ƙungiyarsu a Monrobiya a 1867. Su da zuriyarsu 'yan ƙalilan ne a ƙasar, amma su suka riƙe mulki sama da shekara 100, kuma zauren Firimason ya zama wurin da manyan jam'iyya mai mulki da alƙalai da ministoci ke haɗuwa, ƙaton gininsu yana kan tudu yana kallon birnin. 'Yan asalin ƙasar, Kpelle da Bassa da Kru da Krahn da sauransu, fatarsu ɗaya da masu mulkin, amma da wuya ɗansu ya ga cikin zauren nan. Jikokin waɗanda aka rufe wa ƙofa a Boston su ne suka tsaya a bakin ƙofa a Monrobiya. Ranar 12 ga Afrilu 1980 Saje Samuel Doe ya yi juyin mulki, aka kashe shugaba William Tolbert wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar, bayan kwana 10 aka harbe manyan gwamnati 13 a bakin teku, aka haramta ƙungiyar. Ba ina cewa zauren ne ya jawo wannan jinin shi kaɗai ba, kuma abin da Doe ya yi da abin da ya biyo bayansa bala'i ne da ba mai kare shi, amma abin ya nuna min cutar ba a jinin Bature kaɗai take ba, duk inda kalmar ɗan'uwa ta zo da riba, aiki ko mulki ko kwangila, masu ita sai sun fara ƙirga wa za a bari ya shigo.

A Amurka ƙofar ba ta fara buɗuwa da gaske ba sai watan Oktoban 1989, lokacin da uwar ƙungiyar farare da ta Prince Hall a jihar Connecticut suka amince da juna a rana ɗaya, wannan karon kuma ba su janye ba. Ingila ta amince da ta Prince Hall ta Massachusetts a 1994, jihohi suka riƙa biyowa, arewa da yamma da wuri, kudu da jan ƙafa, North Carolina sai 2008 bayan an sha kayar da ƙudirin, Alabama sai 2017. Ko a 2009 da wani reshe a Atlanta ya karɓi baƙar fata sai da wasu rassa suka shigar da ƙarar shugaban reshen a cikin gida, maganar ta fita jaridu kafin a janye. Ni dai ba zan ɓoye ba, ina ganin yawan da suka rasa ya taimaka wajen sauke musu girman kai, ƙungiyar da ta haura miliyan 4 yau ba ta kai miliyan 1 ba, matasa kuma ba sa son shiga wurin da za a ce musu abokinsu na aji ba zai zauna kusa da su ba.

Kuma a fahimta, amincewa da juna ba haɗewa ba ce. Har yanzu gida biyu ne a kusan kowace jiha, abin da ya canja shi ne a mafi yawan jihohi an daina kiran ɗaya na bogi, ana iya kai wa juna ziyara, baƙi yana iya shiga na can fari yana iya shiga na nan. Da yawa daga 'yan Prince Hall su da kansu ba sa son a haɗe, kuma na fahimce su sarai, gidan da kakanninka suka gina da guminsu lokacin da aka kore su, da gine-ginensa da tarihinsa da shugabanninsa, ka ɗauka ka zuba a cikin na wanda ya fi ka yawa, gobe ka wayi gari kai ne ɗan tsiraru a gaban akwatin ƙuri'ar nan dai. Abin da suka nema tun 1784 a yarda su ma 'ya'yan gidan ne, ba su ce a ba su ɗaki a gidan wani ba.

Shi kuwa alƙali Upton ya rasu a 1906, ya bar wasiyya cewa kar a kafa dutse a kan kabarinsa sai ranar da Firimason fari da baƙi za su iya tsayawa a wurin tare a matsayin 'yan'uwa. Kabarin ya zauna haka a garin Walla Walla babu dutsen ƙungiya, waɗanda suka san shi duk suka mutu, 'ya'yansu ma suka tsufa. Jihar Washington ta sake amincewa da Prince Hall a 1990, a 1991 ɓangarorin biyu suka yi jerin gwano da fararen walkinsu zuwa maƙabartar suka kafa dutsen, shekara 85 bayan an binne shi.